Jimla Goma da Zakaran Sa'adiya

"...lahiya lau, sai dai ganinka da ya ɓata mini hantsi. Wa ya buɗe wa bawa ƙofa?"

"Wa zai buɗe? Tun daga zaure nike kwaɗa sallama, ba mai amsawa sai zakara. Na ce ko tsohuwar ta cika ba a gaya muna ba."

Sadiƙ ke nan, ɗan goggon Halimatusa'adiya. Albasa ya ɗauko daga Gwandu a kan babur, ya sauke a kasuwar Kalgo, ya biyo ya ga taubashiyarsa. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka tun suna yara take kiransa bawa, shi kuma duk abin da idonsa ya faɗa wa a hannunta sai ya ce rabonsa ne. Yanzu duk sun fara furfura, ba wanda ya tuba.

Ya same ta a gindin dogonyaro da littafi da fensir. Ɗaki huɗu ne a gidan, uku a kulle. Mijinta Malam Isa ya rasu bara, 'yarta Amatullahi tana aure a Yawuri, namijin yana Kaduna, sai waya ran Juma'a in ya tuna.

"Mi kike rubutawa? Wasiyya? Ki sa mini zakaran ga."

"Turanci na, jahili. Malama Esta ta makarantar manya ta ce kowa ta rubuto jimla goma, abin da ta yi jiya. Gobe a miƙe a karanta gaban aji."

"Turanci? Kin zo gidan shi. Ni da na yi aji huɗu a Maruda, sai da hedimasta ya roƙe ni in bari don kar in amshe mai kujera."

"Korar ka anka yi, ranar da ka cinye ƙosan malam."

"Hassada ta. Ai abin da ya wuce a Turanci ba shi da wuya. Duk kalmar da kinka kama, ki liƙa mata 'ed' ga wutsiya ki sake ta. Goed. Eated. Da shi na sayar wa wani Bature albasa buhu ɗari, har ya yi hawaye ya ce ko garinsu ba a yin irin shi."

"Albasar ta sa shi hawaye. Went aka cewa, ate aka cewa. Wasu na karɓar wutsiya, wasu sake kama suke gaba ɗaya, kamar kai in an ce a hito aikin gayya."

Sadiƙ ya fizge littafin, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi.

"Sunanki kaɗai ya cinye layi guda ya taɓa na biyu. Suna kamar titin Jega, mai shi kamar turmi. Waɗannan ukun hwa, mi sunka ce?"

"Na share. Na dafa. Na kwanta."

"Saura bakwai."

Sa'adiya ta karɓi littafinta ta rufe. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Malam Isa, inda gizo-gizo ya yi saƙa a jikin kwaɗon.

"Babu bakwai, Sadiƙ. Na duba jiya, na duba shekaranjiya, na duba makon jiya. Ukun ga na. Comfort ta ajinmu za ta miƙe ta ce ɗiyanta sun yi faɗa, baƙi sun zo, tukunya ta ƙone. Ni in miƙe in gaya wa mata talatin ba wanda ya tako gidan ga tun da na hita takaba? Ba ni komawa. Na bar makarantar."

Ta faɗa da sauƙi kamar ba komai. A duk mako, ajin nan ne kaɗai wurin da ake kiran sunanta da ƙarfi ta amsa.

Sadiƙ ya sosa ƙeya. "To rubuta. Na kashe kura da ludayi. Na haye gulbi da ƙafa ban jiƙe ba. Jirgin sama ya sauka tsakar gida, direban ya nemi ruwan alwala."

"Malama Esta bayan katangar ga take. Ko tari na yi tana ji."

"Ki ce jirgin a hankali ya sauka."

"Ƙarya gaban aji? Wannan gadon ɗiyan mace na, mu ba mu iya ba."

"Awo. To tunda karatu ya ƙare, ke da gida kun zama kayan gado, bari in ɗauki rabona tun da rai."

Kafin ta gane inda ya dosa, ya yi tsalle ya danne zakaran, ya cusa shi a hammata, ya yi zaure. Zakara ya tsala ihu. Wannan zakaran kuwa shi ne mai tashinta da asuba, shi take yi wa faɗa in ya taka shanya, shi take ba labarin Amatullahi.

"Kai! Bawan banza! Aje mini shi!"

Ta suri muciya ta bi shi, mayafi a hannu ko yafawa ba ta yi ba. Rabonta da irin wannan gudu tun tana tallar fura. Sadiƙ na gaba yana ihu, "Jama'a ku shaida, rabon ɗan mace na!" Ta jefe shi da takalmi, ta samu hula. Ya waiwaya ya yi mata gwalo, ƙafarsa ta zarce cikin kwata, ya zube. Zakara ya kuɓuce ya haye katanga.

Huseina maƙwabciya ta fito da tsintsiya, ta ɗauka ɓarawo ne, ta shimfiɗa masa biyu a baya kafin ta gane fuskar.

"La ilaha! Sadiƙ na Gwandu? Da girmanka?"

"Ƙara mai ɗaya, ni na ba ki izini," in ji Sa'adiya tana haki.

Mata huɗu suka rako ta gida suna riƙe ciki. Suka zauna kan tabarmarta, suka sha ruwan randarta, Huseina ta ce wallahi kullum tana cewa za ta leƙo. Da suka tafi, Sadiƙ ya ɗingiso ya zauna nesa, yana matse ƙafar wando.

"Gobe za a karanta, ko? To gobe in an ce jiya, wace rana aka nufi? Ɗauki fensir."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta buɗe littafin, tana faɗa tana lanƙwasa yatsa.

"Bawana ya zo. Ya saci zakara. Na bi shi. Na jefe shi. Ya faɗi kwata. Huseina ta doke shi. Mata sun shigo gidana." Ta lanƙwasa yatsa na bakwai. "Goma ke nan da na farko."

"Wannan ta kwata, ki cire ta."

"Ita zan fara karantawa. Har Malama zan tambaya yadda aka cewa ya yi wari."

"Ki dai liƙa mata wutsiya."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta sa sai da ta share ido da bakin mayafi. Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon dambu ta dire masa.

"Ka ci, bawa. Yau kai ka yi nasara." Ta koma kan tabarma, ta gyara fensir, ba ta dube shi ba. "Malama kowane mako take ba da irin wannan aikin."

Sadiƙ ya kai loma, ya shafa gwiwarsa da ta kumbura.

"To ki sayi akuya ki ɗaure ta kusa da zaure. Ƙafata ba ta ƙara bin abu mai fiffike."