Keken da Kaka Ya Bar Mini

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara yaran layinmu na unguwar Sharafiyya a Jidda kaf don su zo su ga kekena ba. Har yau in na tuna, kunnuwana ne ke fara ɗaukar zafi, sannan idanuna su biyo baya.

Wani Bature ɗan tseren keke, mutumin Wales, shi ya ja mini. A tashar wasanni na fara ganinsa. Mutumin nan ba ya zaɓe: yau yana hawan duwatsu a kan titi ruwa na dukansa, gobe yana cikin wani filin katako mai kama da ƙwarya, yana zagaye kamar zai tashi sama. Akwai ranar da ya faɗi, gwiwa duk jini, ya miƙe ya sake hawa. Na yi tsallen da sai da na kifar wa Umma da shayi (ni da ko taya ban mallaka ba).

Kakana ne kaɗai ke zama kallo da ni. Tela ne, shagonsa na tsohuwar kasuwar Balad ya girmi Umma, kuma ya rantse ba zai taɓa yi mini Larabci ba, wai sai Hausata ta miƙe.

"Kai ɗan nema, mutumin nan naka ina za shi? Tun ɗazu yake zagaye kamar akuya a turke."

"Kaka, tsere ne fa!"

"To wa ya biyo shi?"

Da ya hango tutar ƙasarsu a hannun 'yan kallo kuwa, sai ya matso da fuska. "Su kuma waɗannan, duk dabbobin duniya sun rasa na sa wa a tuta sai jan ƙadangare mai fukafukai?"

Bayan ƙaramar Sallah ciwo ya kwantar da shi. Wata rana ya kira ni, ya riƙe hannuna da yatsunsa da suka zama kamar tsinken tsintsiya.

"In na tafi, kekena naka ne. Baƙi ne, ɗan Ingila. Ya tsufa, amma kana ɗora ƙafa zai ɗauka. Ka dinga sa masa mai."

To ni haihuwar Jidda ne. Hausa ina jin ta fiye da yadda nake yin ta, kuma keke ɗaya na sani a duniya. Ɗan Ingila! Maƙwabtan Wales! Tsoho na yi mini bankwana, ni kuma na riga na kai titin Kornish na bakin teku a guje cikin kaina. Allah Ya yafe mini, abin da na tambaye shi ke nan: "Kaka, yana da gudu?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "In ka iya shi, kai za ka fara gajiya."

Bai ƙara mako ba ya rasu. Na yi kuka na gaske, irin wanda ke toshe hanci. Amma bakina bai yi makoki ba. Kafin a share zaman gaisuwa, duk layi ya san na gaji keken tsere daga Ingila. Na ƙara masa giya, na rage masa nauyi, na ce da ɗan yatsa ake ɗaga shi. Har na ƙalubalanci Basiru, wani yaro mai keke ja da bai taɓa ba ni aro ba. Muka sa ranar tsere: ranar da Kawu zai kwaso kayan shago.

Ranar na ari hular kwano ruwan ɗorawa a wajen maƙwabcinmu mai aiki a unguwar masana'antu, na matse cikin wandon ƙwallon ƙanena (numfashi ma da dabara nake yi). Yara suka cika ƙofar gida. Motar kaya ta tsaya, Kawu da direba suka sauke wani abu lulluɓe da zane, suna nishi. Nishin nan ya kamata ya faɗakar da ni. Ina! Na yaye zanen da ƙarfi kamar yadda ake yi a talabijin.

Keken ɗinki.

Sai Basiru ya gyara murya. "Yalla, ɗan Wales, hau mana. Na ba ka ratar layi biyu."

"Kawu, wannan ai makina ce!" na ce. "Ina keken?"

"Shi ne keken. Keken ɗinki. Kai wane irin Bahaushe ne?"

Dariyar da ta ɓarke, na tabbata har Balad an ji. Wani ya murza tayar guda ɗaya yana ƙarar mota da baki. Ina neman inda zan nutse, sai na hango Umma a bakin ƙofa. Ita ba ta dariya. Matakin keken take kallo, inda ƙafar babanta ta cinye fenti har ƙarfe ya fito. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki. Abin da ya ciyar da ita, ya yi mata kayan aure, shi na shimfiɗa a titi yara na wasa da shi.

Da aka shigar da shi falo, Kawu ya miƙo mini wani ƙunshi da ke ɗaure a ƙafar keken. "Wannan kakanka yake yi kafin ya kwanta ciwo. Ya zagaye kasuwa yana neman jan yadi, ya ƙi gaya wa kowa dalili."

Riga ce daidai jikina, sama fari, ƙasa kore, ga jan ƙadangare mai fukafukai a ƙirji. Gaskiya ya fi kama da akuya. Hannu ɗaya ba a haɗa ba, allurai na nan a jiki. Na zauna a ƙasa, hular kwano na kaina, na yi kukan da ya fi na ranar jana'iza.

Hannun ni na haɗa shi daga baya, a karkace, kuma haka nake sa ta. Duk Juma'a ina sa wa keken mai, in hau in yi ta taka shi. Ashe ni ma na zama mutumin nawa: ga gudu, ga gumi, ba inda na je.

Darasi dai na koya. In tsoho ya ce zai bar maka keke, ka tambayi wane keken kafin ka ari hula. In kuma da sauran numfashinsa, ka bar zancen gudu, ka ce ya nuna maka yadda ake zura zare.