Wayar da Kaka Ya Tsinke

"Lafiya lau, 'yar nan, ya kasuwa?" in ji Malam Alassani, kansa a sunkuye. Tun daga Zongo ya hau babur har unguwar Hanoukopé mai nisa don kada idon sani ya gan shi a shagon wayoyi. Da ya ɗago, sai ga jikarsa Nadia tana tsare wa ƙawarta shago. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai ɓoye tsinkakkiyar wayar da ke hannunsa.

"Tsohon mijina, ɓata ka yi? Masu haƙoran roba suna can gaba."

"Sakinki na zo yi. Na samu wadda ta iya tuwo."

"Da wayar gem ɗin talabijin a hannu? Ba ita aka zane ƙanena Sadiƙ a kanta jiya ba?"

"Ɓera ne ya ci ta."

"Ɓera mai rawani? Shekaranjiya ina kicin na ji ɓeran a gaban talabijin yana ihun an ci ƙwallo, sai kuma na ji tim a ƙasa."

"Tari nake."

"Kai da kake cewa wasan nan aikin marasa tarbiyya ne?"

"Dubawa nake in ga abin da ke lalata yara."

"Ƙwallo nawa ka ci?"

"Uku," ya ce, kafin ya kama bakinsa. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ba ni mai arha in maƙala kafin su taso daga makaranta."

"Ga mai arha, mai kai uku, ja da fari da rawaya. Ba ta shiga talabijin ɗinmu. Ko ta shiga, ba ta goge bulala. Yaron nan bai ci abinci ba, Kaka. Ba dukan ya dame shi ba, maƙaryacin da Baba ya kira shi ne."

Tsohon ya daɗe yana murza guntun wayar.

"Ina zaune aka yi, na kasa buɗe baki. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba."

Nadia ta ɗauko wata waya mai kyau, ta naɗe a leda ta miƙa masa.

"Ni zan biya, sadakinka na mayar. Amma a gaban Baba za ka ba Sadiƙ, da bakinka."

Ya yi dariya, yana share ido da bakin rawani.

"Kin kayar da ni, mummuna. In kin tashi ki raka ni. Idan ubanki ya ɗauko bulalar, bayanki zan ɓuya."