Guntun Zaren Kaset

"...lafiya lau, amaryata. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Kai ne dai ciwon da ya ƙi jin magani. Ina aikena?"

Kalilu ke nan da kakarsa Hajiya Maijidda, a tsakar gidansu da ke bayan Kusugu. Sunan marigayi mijinta ya ci, don haka Maigida take ce masa. Tun da ta fita takaba ba ta da abokin hira sai wani tsohon kaset na fitattun waƙoƙin wasu Turawa masu haɗa murya, wanda marigayi Alhaji ya sayo zamanin da yake tuƙin babbar mota zuwa Kongolam, can bakin iyaka. Ko kalma ɗaya ba ta ji a ciki. Amma a tsakiyar wata waƙa Alhaji ya taɓa danna jan maɓallin ɗaukar murya bisa kuskure, muryarsa ta hau. Abin da ya rage mata na muryarsa ke nan, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Da rikoda ta cinye zaren, sai ta ba Kalilu ya kai gyara.

"Ga shi. Mai gyara ya ce in kai gidan tarihi, in haɗa da mai shi."

"Ka ce masa na girmi uwarsa. Ku da waƙoƙinku sai ka ce an taka akuya."

"To ke me naki suke cewa? Fassara min baiti ɗaya, in sake ki ki huta."

"Mijin da ko goro bai taɓa kawowa ba, har yana da bakin saki? Ba sai na ji ba, ja'iri. Wannan ya ɗauko, wancan ya tare shi, na uku ya bi ta ƙasa, ba mai danne wani. Kakanka cewa yake da haka mutane ke zama, da alƙali ya rasa aiki."

Ta saka kaset, ta gyara zama. Muryoyin suka tashi tare, ita kuwa wuri ɗaya take jira. Waƙar ta zo, ta wuce sumul.

"Maigida, ina wurin?"

"Wane wuri? Au, inda wani gardi ke tari? Daidai nan zaren ya cukurkuɗe. Na ce a yanke a liƙe. Tukwici ma ya kamata ki ba ni."

"Ina guntun?"

"Yana shara mana."

Hajiya ta miƙa hannu ta kashe rikodar.

"Gardin nan," ta ce a hankali, "kakanka ne."

Kalilu ya matso kusa da ita. Ya durƙusa gabanta.

"Hajiya, wallahi ban gane ba. Me yake cewa?"

"Shayi yake nema. Mutum ya tafi, abin da ya bar min ke nan, faɗan shayi."

Tun yana yaro Kalilu ya tashi yana jin faɗan nan daga bakin kakansa kowace safiya. Ya mayar da kaset baya, da aka zo wurin ya rage muryar rikodar, ya yi tari, ya buɗe maƙogwaro:

"Maijidda! Wai shayin nan sai gobe?"

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta.

"Tarin bai yi ba, mara kunya. Nasa ya fi zurfi."

Ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da kofin shayin Alhaji, wanda ba wanda ya taɓa tun rasuwarsa.

"Ungo. Gobe ka zo da wuri ka sake gwadawa."