Rufin Jiya Ya Zama Daɓen Yau

Ranar kasuwar Batsari da ta wuce, babur ɗina ya shanye mai tun daga bakin tasha, na turo shi ina haki har gidan mai. Layi ya miƙe ya lanƙwasa bayan masu tsire. A nan na iske maƙwabcina Malam Mani, mutumin ƙauyen Zakka da ya dawo gari da iyalinsa, yana zaune kan babur da buhu a naɗe a hammata, fuska a murtuke.

Muka gaisa, na tambayi iyali da gajiyar kasuwa, sannan na ce, "Malam, buhun nan fa ba nauyi."

Ya ce, "Bari kawai, maƙwabci."

Ga abin da ya faru. Bayan girbi Mani ya lura dawa tana hawa, in ta kai wani farashi sai ta tsaya ta juyo. Ta yi haka, ta sake yi. Sai ya yanke cewa nan ne iyakarta. Da ta koma wurin ya kwashe rumbu ya sayar, har da ta cin gida, da niyyar in ta faɗo ya saya da araha. Matarsa Tasalla ta roƙe shi ya bar ta tuwo, ya ce mata kasuwa ba aikin mata ba ce. Dawa kuwa ta fasa wurin ta yi sama abinta. Ran nan ya ji ta sauko daidai inda ya sayar, ya sheƙo da buhu, sai ya tarar duk waɗanda suka yi dabara irin tasa sun riga shi. Kafin ya kai gaban mai awo ta sake tashi.

Kamalu mai shagon cajin waya, wanda ke cinikin kuɗaɗen waje ta wayarsa, yana bayanmu yana ji. Ya ce, "Baba Mani, rufi ne ya zama daɓe. In ka hau bene, abin da ke saman kanka ɗazu shi kake takawa. Wanda ya sayar a wurin yana cizon yatsa, yana jiran ta dawo ya saya. Wanda ya yi jinkiri ya rantse ba za ta sake wuce shi ba. Wanda ya saya ya ci riba, ƙari yake nema. Dukanku kun taru wuri guda kuna jira, ta ina za ta faɗi? In kuma daɓen ya rufta, waɗanda suka saya a nan sai su yi ta addu'ar ta dawo su sayar su tsira. Ka ga ya koma rufi."

Mani ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka san duk wannan, ina motarka?"

Kamalu ya ce, "Baba, ni ma a rufi na sayar."

Ni kuwa sai na tuna da ranka ya daɗe Sarkin Alkawari, wanda ya taɓa rantsuwa a gaban jama'a cewa muddin yana numfashi buhun taki ba zai wuce wani farashi ba. Taki ya wuce. Shi kuma, ma sha Allah, yana nan yana numfashi, har ya ƙara tumbi. Daminar bara shi da mutanensa suka dawo da takin daidai wancan farashin da muka yi wa kuka, suka kafa rumfa, suka ɗauko makaɗa, suka sa masa suna tallafi. Muka yi ta turereniya muna godiya. Ni kaina na tafa.

Ɗaya gefen ma, na mayar da daɓe rufi, sun ƙware. Da, rijiyar burtsatse ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake yi wa ƙauye. Yanzu mutanen ƙauyen Babban Duhu su nemi abin da ya fi ta, a ce an zugo su.

Mani dai ya haƙura ya auno rabin buhu da tsada, ya ce zai biya masallaci tukuna kafin ya shiga gida, ko Allah zai sa Tasalla ta yi masa da sauƙi.

Don Allah kada wanda ya kai wa manyanmu bayanin Kamalu. Suna ji za su kafa kwamitin binciken rufi da daɓe, su saya wa kwamitin motoci.