Ranar Da Na Tafa Wa Kwalin Inositol

Jama'a, yau na yi tafi har hannuna ya yi ja, kuma kwali na tafa wa.

Bari in fara daga gida. Matata tana fama da abin da likitoci ke kira PCOS. Al'adarta sai ta yi wata da watanni ba ta leƙo ba, ga ƙiba ba gaira ba dalili, ga gashi da ya tsiro mata a haɓa har ya fara gasa da nawa. Mukan yi dariyar gashin tare, amma na sha ganin ta tsaye gaban madubi tana ta kallon kanta, musamman in an yi haihuwa a layinmu.

Likitar da ke duba ta ta ce akwai wani garin ƙarin kuzari, inositol, da ke taimaka wa jikin wasu mata ya sarrafa sukari yadda ya kamata, har al'ada ta daidaita, ƙwai ya riƙa fita. "Ba tsafi ba ne fa," in ji ta. "Wasu yana yi musu, wasu ba ya yi. Sai kin haɗa da tafiyar ƙafa da rage zaƙi, ki kuma riƙa dawowa ina duba ki."

Ana haka sai rediyo ya ce Mai Girma Uban Almakashi, Gwanin Yanka Jan Ƙyalle, zai raba wa mata inositol kyauta. Na ce madalla, mu jira. Muka jira aka kafa kwamiti. Muka jira kwamitin ya je ƙasar waje ya ga yadda ake zuba gari a ruwa a motsa da cokali. Ya dawo ya kafa ƙaramin kwamiti a kan cokalin.

Yau dai aka ce ranar ƙaddamarwa. Madam ta ce ba ta jin fita, in je in karɓo mata. Na tafi da maƙwabcina mai gyaran fanka, wanda ba a taro a bar shi a baya. Harabar asibitin ta sha fenti, amma bangon gaba kawai. Ga rumfa, ga kujeru masu riga, ga kwalaye an jera kamar za su kai sama. Mata cike a rana, ni da mai fanka a tsakiyarsu kamar an dasa mu.

Da Mai Girma ya iso, sai ya ɗauki takardar jawabi ya ci karo da sunan maganin.

"Wannan ino... inasi... ina-su-to..."

Wata mata a bayana ta ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, mu ma tambayar da muke yi ke nan! Ina su, to?"

Wuri ya kece da dariya. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya ɗaga mana hannu biyu. Daga nan ya bayyana cewa maganin yana warkar da ciwon baya, sanƙo, rashin aikin yi da ramukan titi. Na hango likitar matata a gefe ta rufe fuska da tafin hannu.

Aka yanka ƙyalle, muka tafa. Aka buɗe kwalin farko: huluna ne, kowacce da hoton Mai Girma yana murmushi. Na biyu ma huluna. Na uku iska ce zalla, amma iska mai tsabta, a gaskiya.

Wani jami'i mai ƙaton tumbi ya ce mu kwantar da hankali, maganin yana hanya.

"Wace hanyar?" in ji mai fanka. "In wadda aka ƙaddamar bara ce, ai ba a fara ta ba."

Na koma gida da hula a kai, ina shirya kalmomin ba da haƙuri. Tun daga ƙofa na ji waƙa. Na tarar da Madam a kicin tana rawa da ludayi a hannu.

"Ta zo!" ta ce.

"Wa? Yayarki?"

"Al'adata, mutumin nan! Kuma a kan lokaci, kamar watan jiya!"

Ashe tun ranar da ta ji kalmar kwamiti ta je kemis da takardar likita ta sayo abinta. Tafiyar safen da nake zaton gulma suke zuwa yi da matar mai fanka, ita ma cikin maganin ce.

"To me ya sa kika tura ni na gasu a rana?"

"Kai ma likita ta ce ka riƙa motsa jiki."

Ba mu san abin da gobe za ta kawo ba, amma na daɗe ban ga idonta yana ƙyalli haka ba. Ta aike ni sayen audugar mata, na tafi ina taku kamar wanda aka yi wa ƙarin girma, na gaya wa mai shago da ƙarfi ya ba ni babbar.

Shi kuwa Mai Girma, ban ga laifinsa ba da bai san zafin abin ba. Tasa al'adar ba ta taɓa ɓata lokaci ba: da zarar zaɓe ya matso, sai ta zo.