Sababbin Idanun Ssentebe Fenekansi

Duk wanda ya ce Kampala ba ta da manyan mutane, bai taɓa gangarowa unguwarmu ta Namuwaya ya ga Fenekansi Mukiibi ba. Shekara goma sha huɗu yana shugabancin unguwa. Ssentebe muke ce masa, wato mai kujera, kuma wallahi ya cika kujerar har ya zubo ta gefe. Ba a haihuwa a Namuwaya sai da saninsa, ba a mutuwa sai ya buga hatimi. Neman aiki kake, sai da takardarsa. Fili za ka sayar, sai da takardarsa. Akuyarka ta ɓata, sai ya tabbatar a rubuce cewa dama kana da akuya. Hatimin nan a aljihun kwat yake zama, dab da zuciya, don kada su yi kewar juna.

Ni Nabbosa, da ake ce wa Jjajja, wato kaka, shekara talatin ina gasa ayaba a tsallaken barandarsa. Abin da zan faɗa muku ba a bakin famfo na tsinto shi ba.

Baƙi suna zaton hatimi ne ƙarfinsa. Mu 'yan gida mun san ido ne. Allah ya ba bawan nan wasu idanu jajaye, farfaɗa, marasa ƙiftawa. Idan ya ɗora maka su, sai ka fara tuno laifin da ba ka yi ba. To, kun san yadda muke zaɓen mai unguwa: babu akwati, babu labule. 'Yan takara su tsaya a filin makaranta, kowa ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, rana tsaka, a ƙirga kawuna. Shi kuwa Ssentebe, da an fara jeruwa sai ya juyo a hankali, ya bi layin abokin hamayya da kallo, fuska bayan fuska, yana ɗan gyaɗa kai kamar mai haddace karatu. Kafin ya kai ƙarshen layi, rabinsu sun tuna suna da ɗa mai neman takarda, sun sulalo bayansa. Shi wannan yake kira ƙaunar jama'a. Ya sha yi mana kuka a kanta a wajen taro.

Ana saura wata biyu zaɓe, babban mutum ya sayar da shanunsa biyu na ƙauye, ya hau acaɓa zuwa tsakiyar gari, ya dawo da kwali a rungume kamar jariri. Washegari da hantsi ya fito baranda. Kwat ɗin nan, tumbin nan, takalmin nan mai ƙyalli. Amma daga goshi zuwa hanci babu Fenekansi. Wani baƙin gilashi ne ya cinye wurin, an ɗaure shi da maɗauri ta ƙeya, waya ta zaro daga kunne ta shige aljihu.

Na ce, "Ssentebe, sannu da fitowa. Walda ka fara?"

Bai ma juyo daidai inda nake ba. Turken lantarki ya yi wa magana. "Jjajja, ke kin tsaya a zamanin gawayi, ba zan ga laifinki ba." Sannan ya ɗaga hannu, 'yan acaɓa da masu tallan kayan miya suka taru. "Jama'ar Namuwaya, ku taya kanku murna. Daga yau shugabanku ya daina ganin duniya ɗaya kamar kowane talaka. Biyu nake gani, a haɗe. Ga ku nan a gabana, ga kuma labaran Turai a saman kawunanku. A duk gundumar nan babu mai kujerar da ya kai nan. Nan da shekara biyar kowa zai sa irinsa, a coci, a kasuwa, har a banɗaki. Ku dai ku tuna wanda ya fara."

Aka tafa. A Namuwaya idan Ssentebe ya yi atishawa ma tafawa ake yi.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Ƙananan kyamarori ne a gabansa, su ɗauki hoton titi su nuna maka a ciki, sannan abin ya liƙa maka wasu hotunan a kai, talabijin da wasiƙu da agogo, suna shawagi a iska, kai kaɗai kake ganinsu. Wato ka ba da shanu biyu a nuna maka titin da Allah yake nuna maka kyauta. Don kada a ce an ɓoye mutum gaba ɗaya, masu abin sun yi wata dabara: hoton idanun mai shi yana fitowa dishi-dishi a jikin gilashin ta waje. Na leƙa na gani. Kamar kifi biyu a ƙasan bokitin ruwan wanki. Kafin la'asar 'yan acaɓa sun raɗa masa suna Mazari.

Amfanin yau da kullum kuwa, kai, sai wanda ya gani. Ya ɗaga kofin shayi, kofi ya daki gilashi, shayi ya sauka a kwat. Ya ce laifin kofin ne, ba a ƙera shi don mutanen gobe ba. Matarsa Nnalongo, uwar tagwayensa, ta kawo masa dafaffiyar ayaba da miyar gyaɗa a naɗe cikin ganye. Yana buɗewa tururi ya rufe kyamarori, shugaba ya yi ta lalube a faranti kamar mai neman allura. Awa biyu cur batirin yake yi, sai a jona shi da bango, ya zauna a ɗaure kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ranar da aka ɗauke wuta kuma, ofis a rufe, duniya biyun duk sun tafi hutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin yatsu. Da su ake sarrafa abin. Sai ka ga dattijo mai jikoki shida zaune a baranda yana mintsinin iska, yana ture abin da babu, yana ja, yana saki. Wata baƙuwa ta tsaya sayen ayaba, ta dube shi, ta rage murya ta ce mini, "Jjajja, tun yaushe abin ya same shi? Akwai wani mai addu'a a unguwarmu, yana da kyau sosai."

Yanzu bari in kawo muku Aida Nassuuna. Gawayi take sayarwa a gangaren unguwa, inda kwata ta toshe shekara uku. Duk ruwan da aka yi sai ya shiga rumfarta ya jiƙa mata buhuna. Mace ce mai jiki kamar icen girki, ba ta da yawan magana. Ta zo da kukan kwata karo na ban san adadi ba. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda aka saba, ta tashi ta zauna a benci.

Ssentebe ya daka tsawa. "Tashi, nnyabo! Kin zauna mini a kan farashin zinariya!" Nnyabo muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuma ssebo.

Ta matsa gefe.

"Nan kuma wasiƙuna ne! Ba ki da ido?"

Ashe duk barandar ya cika ta da allunansa na iska, babu wurin ɗan Adam. Aida ta sauka ta zauna a ƙasa, ta yi bayanin kwata. Shi kuwa yana can yana mintsinin wani abu a saman kanta. Ya ce, "Kwata ƙaramin tunani ne. Na riga na ga Namuwaya ta gobe a cikin nan, babu kwata a cikinta ko ɗaya."

Ina kallo daga wurin gashina. Aida ta ɗago kai. Ta harare shi. Harara ta gaske, irin wadda a da ko a mafarki aka yi wa Ssentebe sai an farka da istigfari. Ta jira. Kifayen nan biyu suna ta iyo abinsu. Ta ɗan karkata gefen hagunsa, ta murguɗa baki. Ya ci gaba da mintsinin iska. Ashe abin gaba kawai yake nunawa, kamar mai leƙe ta bututu.

Ta tsallako wurina, ta sayi ayaba ɗaya, ta ce, "Jjajja, mutumin nan ba ya ganinmu."

Na ce, "'Yata, dama can bai taɓa ganinmu ba. Yanzu ne dai mu ma muka daina ganinsa."

Bayan kwana uku ta dawo da takarda. Mai son tsayawa takara sai ya kawo shaidar cewa shi ɗan unguwa ne, mai hali nagari, da hatimin mai kujera. Na ce yau za a yi ta. Ta miƙa masa. Ya kai takardar kusa da gilashi, ya nisanta ta, ya karkata kai. Ƙananan rubutu ba sa fita ta cikin kyamara, sai su zama kamar tururuwa a ruwa. Abu mai sauƙi ne: ya ɗaga gilashin ya karanta da idon da aka haife shi da shi. Amma ga 'yan acaɓa a tsaye suna kallo. Mutumin da ke ganin duniya biyu zai ce ya kasa ganin takarda ɗaya?

"Na karance ta tun tana hannunki," in ji shi. "Na'urar ta riga ta faɗa mini komai. Je ki, na amince." Ya zaro hatimi, tim!

Ran da aka kafe sunayen 'yan takara ya yi dariya har tumbi na rawa. "Mai gawayi? To, madalla. Ai zaɓe ba ya daɗi sai da ɗan abin dariya."

Nnalongo ce kaɗai ta gwada cetonsa. Da safiyar zaɓe ina jin su ta taga, don gidansu ba ya riƙe sirri. "Uban tagwaye, don girman Allah ka bar abin nan a gida yau kawai. Ka je da fuskarka."

"Mace, jawabin nasara na ciki. Akwai wani babban zaure a cikin nan, cike da mutane, ina magana suna tafi. Sati uku ina gwaji da su, ba su taɓa gajiya ba. Ke dai riƙe wannan." Ya danƙa mata ƙarin batiri mai nauyin bulo, don kada wuta ta yanke ana tsakiyar tarihi. Haka suka taho filin makaranta, shi a gaba, ita a baya da jaka, waya ta haɗa su.

Ƙarfe sha ɗaya jami'in zaɓe ya busa usur. Gaskiya, da farko tsohon tsoro ya yi aikinsa. Mutane suka fara zuba bayan Ssentebe, ƙafafunsu sun saba hanya. Bayan Aida mu tara ne, yawancinmu tsofaffin da ba mu da sauran takardar nema sai ta kabari.

Sai ya juyo, a hankali, yadda ya saba.  Ya fuskanci layinmu don ya haddace mu.

Rana ta daki gilashin. Ko kifayen ba a gani. Abin da kowa ya hango a fuskar shugaba shi ne hoton kansa, ƙarami, a tsaye a fili. Wani ɗan acaɓa ya gyara hularsa a ciki. Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Ssentebe ya gyaɗa kai, ya gamsu an tsorata, ya juya gaba. Don kada lokaci ya tafi a banza, ya murɗa wani maɓalli, filin makaranta ya ɓace masa, ya shige zaurensa na masu tafi.

Mai kifi ce ta fara tsallakowa, takalmi a hannu. Sai tela. Sai 'yan acaɓa gaba ɗaya. Sai mawaƙan coci. Babu mai gudu, babu mai magana, sai ƙarar silifa. Shi kuwa murya ta fara tashi: "Ya ku dubban masoyana, ku zauna, ku zauna, tafin ya isa haka! Na san ba ku da wani sai ni!" Yana ɗaga hannu yana lallashin iska.

Jami'in ya bi layin Aida yana taɓa kafaɗu. Ɗari biyu da goma sha bakwai. Ya dawo bayan Ssentebe. Ya duba, ya sake dubawa. Mutum ɗaya.

Ya ce da ita cikin ladabi, "Nnyabo, nan kike?"

Nnalongo ta dubi dogon layin, ta dubi jakar da ke hannunta. Ta ce, "Ɗana, wayar ce ba ta kai can ba."

Filin ya ɗauka da dariya. Dariyar ce ta ratsa har cikin zauren, ya ji tafin ya canza murya. Ya cire gilashin. Karo na farko cikin wata biyu muka ga fuskarsa: jan shati zagaye da goshi, da wasu 'yan idanu masu ruwa suna ƙifce-ƙifce da hasken rana. Ya bi mu da kallo, fuska bayan fuska. Muka tsaya muka bar shi ya gama. Mai kifi har ɗaga masa hannu ta yi.

Jami'in ya miƙa tafin hannu, ya ce, "Ssebo, hatimin."

Tun daga ranar mutanen wasu unguwanni suke zuwa wurin gashina suna tambaya, wai Jjajja, ke da kika gani da idonki, gilashin nan ya cancanci a saya? Nakan ce musu ƙwarai kuwa, ko shanu huɗu ne bai yi tsada ba. Amma kada ku saya wa kanku. Ku haɗa hannu ku saya wa mai kujerarku.