Alhaji Ɗalha da 'Yar Saƙo

Duk Sheshe, kai har ka dangana da Shahuci, babu wanda ya san sararin samaniya kamar Alhaji Ɗalha mai hula. Allah ya ba wasu ilimin fiƙihu, ya ba wasu na rini da dukanci, shi kuwa ya ba shi ilimin jirgin sama, bai kuma yi masa ƙwauro ba. Sau uku ya hau jirgi a rayuwarsa: zuwa Makka, dawowa daga Makka, sai wata tafiya Legas da ya dawo a motar dare. Amma in ka ji shi yana bayani a majalisar ƙofar gidansa bayan la'asar, sai ka rantse shi ya yaye matuƙan. Shi ya sa muke kiransa Sarkin Sama, wasu su ce Na-Gajimare, yana kuma amsa duka biyun da fara'a.

In jirgi ya gifta ta saman unguwa, sai ya ɗaga hannu a yi tsit, ya karkata kunne, ya ce, "Wannan na Jidda ne, kuma bai cika ba." Ba mu taɓa ƙaryata shi ba, don ba mu da tsanin da za mu hau mu duba.

Baiwarsa ta biyu ita ce kunya. Kowa ya san al'adar nan ta kunyar ɗan fari, inda uba ba ya kiran sunan ɗansa na farko, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Jama'a sun sassauta mata tuntuni, amma Alhaji ya riƙe ta riƙon da ko mutanen da ba su yi mata ba. Yana da 'ya guda, Ikram, shekararta huɗu, kuma babu mahalukin da ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. "Yarinyar cikin gida" yake ce mata. Ranar da aka je yin takardar haihuwarta ma, da aka zo gurbin sunan uba, kunya ta hana shi, sai ya ce a rubuta sunan wansa, Sani. Ya dawo majalisa ya ba da labarin da bakinsa, yana jiran a yaba.

"Zamani ya lalace," in ji shi. "Yanzu sai ka ga ƙato da gemunsa ya saɓa ɗan fari a kafaɗa yana yawo da shi a titi, har da saya masa alawa. Mu ba haka muka tashi ba. Ni sai da na yi aure na tabbatar mahaifina ya san sunana."

Muka ce Allah ya ƙara kunya, ya ce amin.

Ana nan sai aka tura matarsa Rukayya, wadda ma'aikaciyar jinya ce, wani kwas na wata uku a Legas. Ba a yi wata guda ba yarinya ta shiga kewa, ta daina cin abinci, ta koma zaman bakin ƙofa tana leƙen hanya. Da ma Alhaji yana da kayan da zai je dubawa a can, sai mahaifiyarsa ta ce lallai ya tafi da ita ta ga uwarta. Umarnin uwa ba ya da ɗaukaka ƙara, dole ya amsa.

Rukayya ta kira shi a waya, ta ce abu ɗaya take roƙo: ya tabbatar an ba su kujera a jere, yarinyar ta zauna a gefensa. Ta tuna masa cewa ko ƙarar injin markaɗe Ikram ba ta iya jurewa, balle ta jirgi, kuma in ta tsorata a cikin baƙin fuskoki shiɗewa take yi. Alhaji ya yi murmushin manya, ya ce mata, "Ni za a koya wa jirgi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki kwantar da hankalinki." Ta kwantar, baiwar Allah.

Ranar tafiya ya fito cikin shadda ruwan toka mai kwana uku a wurin bugu, da hular da ya hana kowa saya tun bara. Yarinyar tana biye da shi taku biyar a baya, riƙe da 'yar jakarta. Ƙanin mahaifinsa, Baba Mailafiya, ya ce zai raka su filin jirgi, don bai taɓa shiga ba, yana so ya ga yadda ake girmama ɗansa a can. A hanya Alhaji ya yi masa bita: kada ya yi magana sai an tambaye shi, kada ya taɓa komai, ya dai zuba ido ya koya.

A layin karɓar tikiti, wadda ke bayansu ita ce Hajiya Tani ta Shahuci, mai sarin leshi, wadda in labari ya shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ya kai Ƙofar Dawanau. Suka gaisa a mutunce. Alhaji ya ƙara gyara tsayuwa, tunda an sami 'yan kallo.

Da layi ya zo kansu, ma'aikaciyar da ke zaune a teburin tikiti, wata matashiya mai tabarau, ta leƙo ta ga yarinyar, ta yi mata murmushi. Ta tambayi Alhaji ko 'yarsa ce, don ta haɗa musu kujera, ta ce ba ta raba ƙaramin yaro da mahaifinsa. Tambaya ce mai sauƙi, wadda ko kai ya gyaɗa ta wuce. Amma ga baffansa a dama, ga Hajiya Tani a baya. Alhaji ya yi gyaran murya.

"Saƙo ce," in ji shi. "An ba ni ne in kai Legas. Ni ki ba ni can gaba, gefen taga, ɓangaren dama, inda iska ba ta dukan fiffike. Ita kuma ki duba cikin mata, duk inda kika ga wata mai hankali ki ajiye ta, za ta riƙe ta."

Haka ake yi a tashar mota, kuma a ganin Sarkin Sama jirgi ai mota ce da ta yi arziki. Alƙawarin da ya yi wa Rukayya kuwa, ya bar shi a gida tare da tsohuwar hularsa.

Ma'aikaciyar ta dubi takardu. Nasa na cewa Ɗalha, na yarinyar na cewa Ikram Sani. Ta tambayi wane ne Sani, ina kuma takardar izinin iyayenta. Alhaji ya sanar da ita cewa tun ba a yaye ta ba yake hawa jirgi. Ta ce to, ya faɗa mata sunan yarinyar. Ya ce yana jikin takarda, ko ba ta yi makaranta ba ne? Murmushin ya bar fuskarta, ta ɗaga waya ta yi magana ƙasa-ƙasa, sai ga jami'in tsaro ya iso.

Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa a gaban yarinyar, ya nuna Alhaji, ya tambaye ta wane ne wannan. Ta ce Alhaji ne. Ya ce babanta ne? Ta ɗaga kai ta dubi Alhaji, ta dubi jami'in, sannan ta ce, "Ya ce kar in faɗa a gaban mutane."

To fa, allura ta tono garma. Layi ya ja da baya. Wata mata ta yi salati, ta ce ga shi dai da kamala kamar limami. Jami'in ya kama hannun yarinyar ya maido ta gefensa, ya ce da Alhaji kada ya motsa daga nan.

Baba Mailafiya ya manta da bitar da aka yi masa, ya matso zai yi ceto. Sai dai shi ma ɗan kara ne, bakinsa ba zai iya ware wa mutum ɗaya 'ya ba. Ya ce ai yarinyar tasu ce duka: 'yar Sani ce, 'yar Ɗalha ce, shi ma nan 'yarsa ce. Jami'in ya ce madalla, ɗazu ba ta da uba ko ɗaya, yanzu ta sami uku. Hajiya Tani kuwa, da ta ci tuwon sunan yarinyar nan da hannunta, kalma ɗaya za ta faɗa a wuce wurin. Ta gyara mayafi ta zuba ido, don tana son ganin ƙarshen wasan.

Ikram ta ga an shiga tsakaninta da mutum ɗaya tilo da ta sani a wurin, sai ta fashe da kuka, tana miƙa hannu wajensa, tana shessheƙa har numfashinta na sarƙewa. A nan kam abin ya daina ba da dariya, ya koma ban tausayi. Abin da uwarta ta ji tsoro ke nan, ga shi ya faru tun ba a bar ƙasa ba.

Dole aka kira Rukayya ta bidiyo. Ta tabbatar mijinta ne, 'yarsu ce, ta turo hoton katin asibiti mai sunansu su biyu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, kowa na ji, "Alhaji, abu ɗaya na roƙe ka."

Jami'in ya ce ya gamsu da uwar, amma ba zai saki hannun yarinya ga mutumin da ya ce saƙo ce ba, sai ya ji daga bakinsa. Lasifika kuma ta fara kiran ƙarshe na masu zuwa Legas. Gumi ya gama da shaddar nan. Alhaji ya saci kallon baffansa, tsohon ya ce masa, "Kai, faɗi mana mu tafi. Ubanka ma ranar da ka ɓata a kasuwar Kurmi, sunanka ya dinga kira har muryarsa ta dushe."

Alhaji ya yi wata 'yar magana a cikin gemunsa. Jami'in ya ce bai ji ba, wurin da hayaniya. Ya sake, aka ce har yanzu dai. Sai Sarkin Sama ya rufe ido, ya buɗe murya irin wadda yake tsawata wa masu taya hula da arha: "Ikram ce sunanta. 'Yata ce, ni na haife ta."

Har masu goge ƙasa sai da suka juyo. Yarinyar ta tsaya da kukan cak, ta saki baki tana kallonsa, don ita ma yau ta fara ji.

Kujerun gaba sun ƙare tuni. Ma'aikaciyar ta ce guri biyu a jere saura a layin ƙarshe, jikin ban-ɗaki. Ta ba yarinyar taga, ta ba Alhaji tsakiya. Kujerar bakin hanya kuwa, da yake Allah ba ya barin wani don wani, ta Hajiya Tani ce, kuma daga bakinta muka ji sauran.

Ta ce da injin ya fara ruri, yarinyar ta damƙi hannun rigarsa, idonta ya ciko. Maimakon ta yi kuka, sai ta ce, "Alhaji, sake faɗa." Ya yi kamar yana karanta takardar da ke aljihun kujera. Bakinta ya fara karkacewa, ma'aikaciyar jirgin ta juyo tana dubansu. Ya sunkuya ya faɗa. Jirgi ya ɗaga, ta ce ya sake, ya sake. Aka kawo lemo ta ce ya sake. Hajiya Tani ta ciro carbinta, ba don tasbihi ba.

Ta rantse mana sau goma sha bakwai ta ƙirga kafin a sauka. Ta ce amma daga na goma, lokacin da jirgin ya shiga hadari ya fara gargada, yarinyar ta riga ta yi barcinta. Shi kaɗai ne ya ƙanƙame ɗan hannunta da hannu biyu, ido a rufe, yana ta kiran Ikram.